Wasiƙa daga Leipzig: sunan da na gani a rumfar Norway, a akwatin kakana na san shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka barka da Sallah, kai da abokan aikinka da masu karatu baki ɗaya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Ni mutumin Tudun Wadar Zariya ne, ma'aikacin jinya, yau shekarata huɗu a birnin Leipzig da ke gabashin Jamus. A waya nake karanta jaridarku, galibi da sassafe idan na taso daga aikin dare. Ban taɓa rubuto muku ba sai yau. Dalili kuwa, wani abu na gani a bikin littattafan garin nan da aka yi daga Alhamis 27 zuwa Lahadi 30 ga Maris na 2025, ya tsaya mini a rai, na ga in ban faɗa wa 'yan'uwana masu jin Hausa ba, ba zan sami sukuni ba. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

A wurinsu bikin farkon bazara ne, sai dai kada mai karatu ya ɗauka bazararmu ce ta gumi da jiran hadari. Tasu ita ce lokacin da hunturu ya fara sakin mutane. Itatuwan da suka yi wata biyar ba ganye sun soma toho, rana ta fara daɗewa kafin ta faɗi, amma har yanzu ba a fita sai da rigar sanyi. A daidai wannan gaɓar kowace shekara garin kan yi kwana huɗu ba zancen da ake yi sai na littafi. A na 2025 kusan mutum dubu 300 suka halarta, a garin da mazaunansa suka ɗan haura dubu 600. Ya kuma faɗo a goman ƙarshe na azumi, ranar rufewa ta zo daidai da ranar Sallah. Shekarun baya ina jin labarinsa a bakin abokan aiki, bana na ce gani ya kori ji, na nemi hutu.

Ranar Alhamis da safe na hau tiram mai lamba 16, wato ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, daga bakin babbar tasha. Shi ke kai mutum har ƙofar filin baje kolin a arewacin gari. Wurin sa ƙafa ma da ƙyar na samu. Yawancin fasinjojin 'yan makaranta ne da malamansu, aji guda aji guda, kowane yaro rataye da jakar yadi ba komai a cikinta, don a komo da ita cike. Mashigar filin wani ƙaton zaure ne na gilashi zalla, rufinsa a lanƙwashe kamar bakan gizo, daga nan ake bin gadoji zuwa sauran zaurukan. Masu baje koli kimanin 2,000 ne, daga ƙasashe sama da 40.

Tun 2014 aka haɗa bikin da na masu son littattafan zane irin na Japan. Samari da 'yan mata sun yi shigar taurarin da suke karantawa, wannan da shuɗin gashi, wancan da takobin kwali da ya fi shi tsawo, wata da fukafukai a baya. Gaskiya wata shigar ba ta kwanta mini ba, ga ni da azumi a baki, sai kawar da kai nake yi. Amma duk wanda na duba, da littafi a hannunsa. Layin da ya fi kowanne tsawo a zauren da na shiga, na 'yan mata ne masu jiran wata marubuciyar labaran soyayya ta sa musu hannu a littafi. Na tambayi wata uwa da ke tsaye da 'yarta, ta ce sun fi awa biyu a tsaye. Nan take yayata ta faɗo mini a rai. Tun muna yara take ɓoye littafin soyayya a cikin littafin lissafi, ta karɓo haya a wurin mai shago a bakin kasuwa, ta kwana tana karantawa da fitilar ƙwai don ta mayar kafin kuɗin hayar ya ƙaru. Irin labaran da a gida ake yi wa kallon raini, a ce ai adabin kasuwar Kano ne, su ne a nan ma suke jan matasa, kuma manyan kamfanonin ɗab'i sun kafa musu rumfuna manya-manya ba tare da jin kunya ba.

Da la'asar ɗin ranar aka ba da kyautar bikin a cikin zauren gilashin. Tun 2005 ake ba da ita, kashi uku: ƙagaggen labari, rubutun ilimi, da fassara. Abin da ya burge ni, kuɗin mai fassara daidai yake da na marubucin labari, ba a rage masa ko kwabo. Wanda ya ci ɓangaren fassara a 2025 daga harshen Belarus ya fassaro.

To, Malam Edita, da a filin nan abin ya tsaya, da ban dame ka da wasiƙa ba. Baje kolin Frankfurt da ake yi a watan Oktoba ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, amma shi na 'yan kasuwar littafi ne, masu cinikin haƙƙin ɗab'i da na fassara. Na Leipzig na mai karatu ne. Tun 1992 suka fito da wani tsari da suke kira Leipzig liest, ma'ana Leipzig na karatu. A cikin kwana huɗun nan akan yi zama sama da 2,000 a wurare sama da 300, a filin baje kolin da cikin gari. Marubuci ya ɗauki littafinsa ya je inda mutane suke: coci, kantin littattafai, gidan shayi, ɗakin karatun unguwa, gidan tarihi. Akwai wani wuri da ake kira Moritzbastei, ragowar tsohuwar ganuwar gari ce, ɗaliban jami'a suka tone ta da hannunsu a shekarun 1970 suka mai da ita wurin taruwa. A ƙarƙashin ƙasa a can ake yin dogon daren karatu, marubuci ya sauka wani ya hau har tsakar dare. Da na ji haka sai na tuna ganuwar Zazzau, da yadda muke wuce ta kullum muna kallo tana zaizayewa.

Daren Juma'a na je nawa. Wajen ƙarfe shida da rabi na yi buɗa-baki da dabino da miyar adas a wani shagon Larabawa da ke titin Eisenbahn, na yi Magariba, na taka zuwa wani shagon gyaran keke inda aka sa zama. An ture kekunan gefe, wasu an rataye su a bango, an jera kujerun ninkewa kamar arba'in. A gaba tebur ɗaya, fitila ɗaya, kofin ruwa ɗaya. Ba babban baƙo na musamman, ba uban taro, ba mai gabatar da manyan baƙi. Mai shagon ya miƙe da hannunsa mai baƙin mai, ya yi jimla uku ya zauna. Wata mata da ba ta wuce sa'ata ba ta buɗe littafinta na farko ta fara karantawa.

Labarin kakarta ne, da ƙauyensu da aka tashe shi don a haƙi gawayin ƙasa, abin da ya faru da ƙauyuka da dama a kudancin Leipzig. Minti arba'in tana karatu, ba wanda ya taɓa waya, tari ma a hankali ake yi. Jamusancina na asibiti ne, wasu kalmomin sun wuce ni, amma inda kakar ta koma ta tarar da tafki a mazaunin gidansu, na ji shi har cikin ƙirjina. Da ta gama, wani dattijo ya miƙe yana dogara sanda, ya ce shi ma ƙauyensu yana ƙarƙashin ruwan nan. Ya ce akwai wani abin aikin gona da ta ambata, ba haka ake kiransa a yankinsu ba, ya faɗi sunan. Ta ciro biro ta rubuta a gefen shafin, ta yi masa godiya. A bakin ƙofa mai kantin littattafan unguwar ta kafa tebur tana sayarwa. Na sayi ɗaya, marubuciyar ta sa mini hannu.

A wurin na koyi abu biyu daga mai kantin. Na farko, a Jamus doka ce sabon littafi farashinsa ɗaya ko'ina, ko a babban kanti ko a intanet ko a ɗan teburinta, saboda haka babba ba ya iya karya ƙarami da rangwame. Harajin da ke kan littafi kuma kashi 7 ne cikin ɗari, alhali na yawancin kaya kashi 19 ne. Na biyu, a al'adarsu biyan marubuci ake yi ya zo ya karanta. Ba shi ke yin hayar zaure da kujeru ba, ba ya kuma bin masu kuɗi da katin gayyata don su zo su sayi kwafi ɗaya da tsada a ɗauki hoto a watse.

Ina tafiya gida a daren nan, abin da nake ta juyawa a raina shi ne, ai wannan zaman ba baƙonmu ba ne. Mu mutanen sauraro ne tun asali. A watan da muke ciki ma, dubban mutane ne ke zama a masallatan Zariya da Kano da Damagaram, mai jan baƙi ya ja, malam ya fassara, ba ka jin motsin kowa. Ba ina haɗa Littafin Allah da labarin ɗan Adam ba ne, Allah ya tsare. Ladabin zama da iya sauraro nake nufi, muna da su. Mahaifiyata ba ta yi boko ba, amma ta san marubutan Hausa da sunayensu fiye da ni, saboda shirin karanta littafi da ake yi a rediyo. In lokacin ya yi, ko tuwo ne a wuta sai an rage masa itace. Yayata kuwa yanzu ta koma WhatsApp, ta tura wa marubuciya 'yan ɗaruruwan naira a sa ta a zaure, kullum dare a sako shafi. Masu karatu muna da su, marubuta ma Allah ya yi mana arzikinsu, musamman mata.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata, ta haura tamanin, ni nake hawar mata da katan ɗin ruwa bene na uku. Da ta ga jakar littattafai a hannuna ranar Asabar da safe, sai ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ba ni labarin zamanin da garin ke cikin Jamus ta Gabas. A lokacin a tsakiyar gari ake yin bikin, a wani gini da ke bakin dandalin kasuwa. Kamfanonin Jamus ta Yamma sukan zo su baje littattafan da gwamnati ta hana shigowa da su, a gani amma ba a sayarwa. Ta ce tun asuba suke layi cikin sanyi. In ka sami shiga, sai ka tsaya a gaban kanta ka karanta abin da ya sawwaƙa a tsaye, na bayanka yana jira. Ita da ƙawarta sukan raba aiki, ɗaya ta riƙe littafin waƙoƙi a buɗe, ɗaya ta kwafa da hannu a takarda, su koma gida su buga da tafireta su rarraba. Wasu kuma sukan zo da babbar riga mai aljihu ta ciki, littafi ya bi su gida, masu rumfar su kawar da kai, ga 'yan sandan ciki suna zagayawa. Ba ina halatta sata ba ne. Amma da ta gama na fahimci shirun da na gani a shagon keken. Wasu daga cikin masu furfurar nan sun san ranar da shafi ɗaya yake da tsadar da kuɗi ba ya saye.

Garin dama tsohon gidan ɗab'i ne. A nan aka fara buga jaridar kullum a 1650, a nan masu sana'ar littafi na Jamus suka kafa ƙungiyarsu a 1825. A daren 4 ga Disamba na 1943 bama-baman yaƙin duniya suka cinye unguwar maɗaba'u, miliyoyin littattafai suka ƙone. Bayan yaƙi manyan kamfanoni suka yi ƙaura zuwa yamma. Annobar korona ma ta hana bikin shekara uku a jere, 2020 zuwa 2022, ya kuma dawo.

Yanzu ga abin da ya sa ni rubutu. Sau da yawa akan gayyaci wata ƙasa ta zama babbar baƙuwa, a 2025 Norway ce. Ranar Asabar na koma filin na nufi rumfarsu. Ina zagayawa sai idona ya faɗa kan wani suna a jikin allo: NORLA. Na tsaya cak. Malam Edita, wannan sunan na san shi tun ban iya karatu sosai ba.

Kakana na wajen uba malamin yaƙi da jahilci ne a ƙauyukan Zazzau a shekarun 1950. Ya bar wani akwatin ƙarfe mai ruwan ganye a ƙarƙashin gadon kakarmu, cike da 'yan littattafai sirara, na koyon karatu da lissafi, na kiwon lafiya, na noma, na waƙoƙi, wasu da boko wasu da ajami, da tsofaffin kwafin wata jarida mai suna Bazazzaga. A bangon yawancinsu an rubuta NORLA, Zariya. Ita ce hukumar adabi ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a shekarun nan don waɗanda suka koyi karatu su sami abin karantawa, kada iliminsu ya zube. Ita ta riƙa fitar da jaridun larduna, Bazazzaga a Zazzau, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato. Kafin ita akwai hukumar fassara da ta talifi, wadda ta sa gasar rubutun 1933 da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, ga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, ga kamfanin Gaskiya tun 1945. Duk a garinmu. A 1959 aka rufe NORLA.

Na matsa wurin wata mata da ke kula da rumfar na tambaye ta. Ta ce tasu NORLA ɗin ba ta da alaƙa da tamu, suna ne ya zo ɗaya. An kafa ta a 1978, aikinta ta fitar da adabin Norway waje: in wani kamfani a wata ƙasa yana son littafinsu, sai su taimaka da kuɗin fassara, su kuma ɗauki nauyin tafiyar marubuci ya je ya karanta. Na ba ta labarin tamu, ta yi mamaki ƙwarai, ta tambaye ni mutum nawa ke jin Hausa. Na ce miliyoyi gommai, daga Agadas zuwa Kumasi zuwa Sudan. Ta ce su duka ƙasar miliyan biyar da rabi ne. Mutanen jihar Kano kaɗai sun ninka su.

Sai ta faɗa mini abin da har yau nake tunani. Tun 1965 gwamnatinsu ke da tsarin sayen littafi. In sabon ƙagaggen labari ko diwanin waƙa ya fito da harshensu, kamfani ya miƙa, kwamiti ya duba, in ya kai mizani sai hukumar al'adu ta sayi ɗaruruwan kwafi ta rarraba wa ɗakunan karatu na jama'a a faɗin ƙasar. Mai ɗab'i ya san ba zai yi asarar uwar kuɗinsa ba, marubuci ya san zai sami wani abu, yaron da ke can ƙauyen masunta a bakin ƙanƙara ya san sabon littafi zai iso shi kyauta. Sun yi haka ne don sun ga harshensu ƙarami ne, littattafan waje za su iya danne shi. Rubutun harshen ma iri biyu ne a wurinsu, kuma Jon Fosse da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2023 da ƙaramin yake rubutu, wanda tsiraru ne ke amfani da shi.

Na san za a ce Norway na da man fetur. Mu ma muna da shi. Kuma a 1965 da suka fara, ba su fara haƙo nasu ba tukuna.

A iya zagayen da na yi na kwana biyu a zaurukan nan, ban ci karo da littafin Hausa ko ɗaya ba, ko wanda aka fassaro daga Hausa. Abin ya yi mini ciwo, don a jami'ar garin nan, wadda aka kafa tun 1409, an daɗe ana koyar da Hausa a sashen nazarin Afirka. Farfesa Ekkehard Wolff da ya koyar a nan ya wallafa nahawun Hausa da Jamusanci a 1993. Ga sashen Hausa na DW a Bonn. Masu iya fassarawa ba a rasa ba. Wanda zai biya su, da wanda zai ɗauko littafin ya kawo, shi ne babu.

Ban ce ba a komai a gida ba, in na ce haka na yi butulci. Ina bin labarin bikin littattafai da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017, da bikin littattafan Hausa na ƙasa da ƙasa da matasa suka fara a Kaduna a 2021, da gasar Hikayata ta BBC Hausa da ke fito da mata marubuta tun 2016, da ƙungiyoyin marubuta da ke zaman karatu wata-wata da kuɗin aljihunsu. Allah ya saka musu da alheri. Saboda su ne ma nake ganin maganata za ta sami masauki.

Ga masu shirya bukukuwan nan, roƙona shi ne a fito da karatun daga zauren otal. Mahaifiyata ba za ta taɓa shiga otal don jin littafi ba, yayata ma mijinta ba zai ga dalili ba. Amma in aka ce marubuciyar da suke ji a rediyo za ta zo makarantar Islamiyyar unguwa ranar Asabar da hantsi, mata zalla, ta karanta babi ɗaya da bakinta, wallahi tabarmi ba za su isa ba. A kai wani zaman teburin mai shayi, wani rumfar masu sayar da littattafai a Sabon Gari, wani tashar mota, wani zauren mai unguwa, wani makarantar 'yan mata ta kwana. Abin da ake buƙata tabarma ne da lasifika da kofin ruwa, sai ɗan abin da za a sallami marubuci da shi, da mai sayar da littafin a gefe. Kuɗin da ake kashewa a kan jakunkunan rabo da abincin manyan baƙi na yini ɗaya zai ɗauki nauyin irin wannan zaman guda ashirin.

Ga gwamnatocin jihohinmu kuwa, kowace tana da hukumar ɗakunan karatu. Ban ce a yi na Norway gaba ɗaya ba. A fara da littafin Hausa hamsin a shekara, kwamitin malaman jami'a da marubuta da malaman sakandare su tace, a bayyana sunayen littattafan a jarida kowa ya gani don kada abin ya koma rabon 'yan uwa da abokai, a sayi kwafi ɗari biyar-biyar a kai makarantu da ɗakunan karatu. Duk wanda ya san kuɗin motar babban jami'i guda ɗaya ya yi lissafin da kansa. In jihohi uku suka yi haka, masu maɗaba'a da suka koma buga kalanda da katin biki za su dawo buga littafi, editoci su sami aiki, rubutun ma ya gyaru, don wanda ya san za a tace shi ba zai saki aikinsa da kurakuran ƙa'idar rubutu ba.

Sai maganar ajiya, wadda ta fi damuna. A nan Leipzig akwai babban ɗakin karatu na ƙasa da aka kafa a 1912. Duk abin da aka buga a Jamus, doka ta wajabta a kai kwafi biyu, kuma tun 2006 har abin da aka wallafa a intanet suna tattarawa. Mu ma dokar ɗakin karatu na ƙasa ta 1970 ta ce mai ɗab'i ya kai kwafi uku. Ina tambayar marubutanmu, tsakani da Allah, mutum nawa ne suka kai? Dubban littattafan da aka buga a Kano daga shekarun 1980 zuwa yau, da takarda mai araha da ba ta jure damina biyar, ina suke? Na WhatsApp kuwa, ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka rufe zaure, shi ke nan. Jikokinmu za su so su san yadda kakanninsu mata suka yi tunani a kan aure da kishi da talauci da karatu, da bakinsu, a harshensu.

Ranar Lahadi ban koma filin ba. Na yi sallar Idi da 'yan'uwa daga Siriya da Turkiyya da Gambiya, na dawo ɗaki na kira gida. Bayan gaisuwar Sallah na ce wa yayata, Yaya, don Allah akwatin Malam yana nan? Ta ce yana nan a ɗakin Inna, amma an daɗe ba a buɗe ba. Na ce ta buɗe ina kan waya. Na ji ƙarar murfin, sai ta yi shiru, can ta ce gara ta shiga ta ƙasa inda ya yi tsatsa. Jaridun duk sun zama ƙasa. Littattafai uku ta tsamo masu kyau, ɗaya na ajami, biyu na boko. Na sa ta ɗauki hoton kowane shafi ta turo mini, ta naɗe su a leda ta sa a cikin akwatin kayanta.

Na tabbata ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan akwatin ba. Duk mai karatun da kakansa ko mahaifinsa ya yi malanta ko aikin En'e a wancan zamanin, ina roƙonsa ya duba ƙarƙashin gado kafin ruwan bana ya sauka. Wanda ya sami wani abu ya ɗauki hotonsa, ya sanar ta wannan shafin, in Malam Edita ya yarda ya ba mu fili, sai mu ga wace jami'a ko ɗakin karatu za ta karɓa ta adana. Ni in Allah ya kai mu Disamba zan zo hutu. Na riga na yi magana da kawuna mai shagon ɗinki a Tudun Wada, ya ce zai ture kekunan ɗinkin gefe daren Juma'a ɗaya. Marubucin da ke kusa da Zariya kuma yake son ya karanta wa mutum arba'in littafinsa, kuɗin motarsa da sallamarsa a wuyana.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Naku,
Ma'aikacin jinya ɗan Tudun Wadar Zariya,
Leipzig, Jamus.